Jikar Malam Zulkifilu da Harajin Giya

Ranar Asabar ta farko a watan Oktoban 2011 aka fara kawo wa Malam Zulkifilu jikarsa Kausar, kuma daga ranar zamansa ya canza.

Ba zumunci ne ya motsa ba, shi ma ya sani. Uwar yarinyar, Sharifa, an mayar da ita aikin Asabar a kantin magani. Uban kuma, Khalil, yana da wata gada da ake gyarawa wadda, in ka ji yadda yake faɗa, ruftawa za ta yi in bai je ya tsaya a kanta ba. Matar da ke riƙe musu yarinyar ta koma Kumasi. Sai aka tuna akwai wani tsoho a unguwar Southwest ta babban birnin Amurka, wanda tun da matarsa Saudatu ta rasu bara ba shi da aiki sai karatu da yi wa masu labaran talabijin gyara.

"Baba, zuwa la'asar ne kawai," in ji Khalil daga bakin ƙofa, mukullin mota a hannu. "Tana da aikin gida, ka ɗan duba mata."

"Na ji, Injiniya. Je ka tare gadar."

Bai taɓa kiran sunan Khalil ba, saboda ɗan fari ne. Yana yaro "kai" ne ko "wannan", da ya gama jami'a aka yi masa ƙarin girma zuwa Injiniya.

Yarinyar ta durƙusa rabi da rabi kamar mai ciwon gwiwa ta ce, "Ina kwana, Kaka." Iyakar Hausar bakinta ke nan, sai "lafiya lau" da "na ƙoshi". Ji kam tana ji, amma amsa sai da Turanci. Shekararta goma, tana aji biyar a wata makaranta can Mitchellville. Ta zube jakarta a kan teburin da Saudatu take tsince shinkafa, ta zaro takarda guda mai zanen taurari a gefe.

Malam Zulkifilu ya sa tabarau. Daga Bichi ya fito, ya bi ta Zariya, ya zo ƙasar nan neman digirin digirgir a tarihin tattalin arziki. Digirin bai samu ba. Abin da ya samu shi ne kujera a wani ofishin gwamnatin tarayya da ake hangowa ta tagar ɗakinsa, inda ya tsufa yana gyara rahotannin da wasu ke sa wa hannu. Littattafan dai sun zauna, sun cinye bango uku. Saboda haka da ya ga abin da ke kan takardar, sai ya ji kamar an kawo wa mahauci hoton saniya an ce ya nuna inda wutsiya take.

Labari ne gajere a kan yadda, bayan Amurkawa sun kori Ingila, majalisarsu ba ta da ikon sa haraji, sai dai ta roƙi jihohi, jihohin kuma su yi kunnen uwar shegu. Kuɗin takarda da aka buga lokacin yaƙi sun lalace har ba su sayen komai. A ƙasa aka yi tambaya: mene ne jigon wannan labari? Aka jera amsa huɗu a zaɓa.

"Jigon shi ne," in ji Malam Zulkifilu, "mutanen da suka yi yaƙi don kada su biya haraji sun wayi gari sun gane gwamnati ba ta cin iska."

"Wannan ba ya cikin zaɓin, Kaka."

"Shi ya sa na san gaskiya ne."

"Ai ba tarihi ake koya mana ba," ta ce. "Darasin Turanci ne. Malamarmu Misis Olive ta ce tarihin abin hawa ne kawai, karatu da rubutu muke koyo."

"Taura biyu a baki ɗaya ke nan. To Allah ya ba Misis Olive haƙori."

Ya zauna ya nuna mata yadda ake gane jigo: ki rufe takardar, ki ɗauka wani ya tare ki a matakala yana sauri ya ce me aka ce, abin da za ki faɗa masa kafin ya sauka shi ne jigo. Ta rufe, ta faɗa, ta buɗe, ta zagaye amsa ta biyu. Daidai ne. Bai ce mata daidai ne ba. Cewa ya yi, "Ashe tsohuwar nan ba ta gama rikicewa ba."

Ta ɗago ta dube shi, ta waiwaya ta ga ko akwai wata tsohuwa a ɗakin.

A Bichi haka ake son jika. Kakarsa ta wajen uba ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai ɓarawon ƙuli-ƙuli, shi kuma ya ce mata mai haƙori ɗaya kamar gwangwanin madara, gida ya kwashe da dariya. Uba da ɗa akwai kunya a tsakani, amma kaka da jika abokan wasa ne: a zage ka, ka rama, wanda ya fi iya baki ya ci. Saudatu ma tana yi wa Kausar, sai dai ita in ta gama tsiyarta takan jawo yarinyar jikinta ta cusa mata dabino a baki. Malam Zulkifilu bai iya wannan ɓangaren ba, kuma bai ɗauka yana da muhimmanci ba.

Asabar ta bi Asabar. Aka yi sababi da sakamako a kan basussukan jihohi, aka yi tsara labari daki-daki a kan yadda aka rubuta tsarin mulki, aka yi neman ma'anar kalma daga maƙwabtanta a kan gidan buga sulalla na farko. Shi yana zagin takardun, ita tana cike su. Yakan dafa shayi mai kauri da madarar gwangwani, ta tsoma biskit har ya narke ya faɗa ciki, ta kamo shi da cokali. Ba da jimawa ba ya tsinci kansa yana tsayawa a kanti bayan sallar Juma'a yana duba wane biskit ne ba ya saurin narkewa. Da wani ya ce masa kwana shida yake yi yana jiran na bakwai, da ya ba shi amsar da zai daɗe yana jinya. Amma gaskiya ce. Tun da aka watse daga zaman makokin Saudatu, babu wanda ya zauna a ɗaya gefen teburin nan ya yi masa gardama.

Cikin hunturu aka zo darasin bambance tabbatacciyar magana da ra'ayi. An kafa bankin ƙasa na farko a 1791: tabbas. Sakataren baitulmali na farko ya fi sauran hikima: ra'ayi.

"Ƙara wannan," in ji Malam Zulkifilu. "Da suka zo ƙirgen jama'a don rabon kujeru, bawa biyar suka lissafa a matsayin mutum uku. Tabbas ko ra'ayi?"

"Ba ya cikin takardar."

"Ba zai shiga ba. Zai ɓata musu zanen taurari."

Ta riƙa juya fensir. Ya ga abin ya shige ta, sai ya ji ba daɗi, ya nemi ya sauya magana ta hanyar da ya iya.

"Ke dai tsohuwar nan ban taɓa ganin malalaciya irinki ba. Fensir ma nauyi yake miki."

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Wannan ra'ayi ne, Kaka."

Malam Zulkifilu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ya kurɓi shayi. Rabonsa da dariya irin wannan tun Saudatu na da rai. To, ya ce a ransa, jini ba ya ƙarya, yarinya ta shigo wasa, ta iya ramuwa. Bai lura ba cewa ita ba ta yi dariya ba. Amsar darasi ta ba shi, kamar yadda za ta ba Misis Olive. Daga ranar ya ƙara wa miyar gishiri: tsohuwa, malalaciya, mai cin biskit ɗin marayu, mai rubutu kamar tafiyar kaza a kan taɓo. Wani lokaci ta ce ra'ayi ne, wani lokaci ta yi shiru. Shirun ma ya ɗauke shi a matsayin dabara.

Da bazara ta shigo aka kai ga babban aiki na ƙarshen shekara, rubutun jan hankali. Ta zo da takarda mai hoton hambaga.

"Burodin sama shi ne jimlar buɗewa," ta yi masa bayani. "Nama da latas da tumatir su ne dalilai uku. Burodin ƙasa shi ne rufewa."

"Yanzu na gane. Shi ya sa duk jawabin da na ji a garin nan yake kama da abincin sayarwa da aka miƙo ta tagar mota."

Za a yi muhawara a gaban iyaye, kowane yaro ya zama wani mutum na wancan zamani. An sa sunaye a hula an ja. Kausar ta jawo manomin yammacin Pennsylvania mai adawa da harajin da gwamnati ta sa wa wiski.

A daren bai kai ga cin abinci ba sai ga wayar Khalil.

"Baba, ka ga abin da aka ba ta? Giya fa. Mamanta ta ce za ta je ta roƙi malamar a canza mata."

"Sha aka ce ta yi?"

"A'a, amma yarinya da ɗankwalinta ta tsaya gaban mutane tana kare masu dafa giya..."

"Haraji aka ce ta ƙi biya, Injiniya. Wannan kuwa ko kai da ka ga ƙofa da ka bi. Ku bar mini ita."

Aka bar masa ita. Ya sauko da littattafai daga saman kanta, waɗanda rabon da a taɓa su tun yana sa ran digiri. Ya zana mata duwatsun da suka raba manoman da kasuwannin gabas, ya nuna mata cewa doki ba zai iya haurawa da hatsin kirki ba, amma in an dafa hatsin ya zama wiski sai ya ɗauki na gona guda. Ya ce mutanen nan ba su cika ganin tsabar kuɗi ba, da wiskin suke saye da sayarwa, ga shi gwamnati ta ce tsaba take so. Babban mai masana'anta a birni yana iya biyan kuɗin shekara a dunƙule ya samu sauƙi, ƙaramin manomi kuwa galan-galan ake bin sa.

"Kamar jangali ne a wurinmu," ya ce. "Bafulatani yana da shanu, ba shi da sulalla, sai a ce sulalla za a karɓa."

"Mene ne jangali?"

"Harajin shanu. Rubuta dalilinki na biyu, tsohuwa, kafin latas ɗin ya yi yaushi."

Ta rubuta, ta goge, ta sake. Ya sa ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta karanta da ƙarfi har sai na ƙarshen ɗaki ya ji, shi ne na ƙarshen ɗakin. Ranar Asabar ta ƙarshe kafin taron, tana haɗa jakarta ta ce an ce kowa ya gayyaci babba ɗaya da zai zauna a gaba, ita shi ta rubuta.

"Ni? Iyayen naki sun ƙi ne?"

"Kai ka koya mini."

Ya tashi ya shiga kicin ya daɗe yana wanke kofin da ya riga ya wanke.

Ranar Alhamis Khalil ya zo ya ɗauke shi. Ya sa kwat ɗinsa ta zamanin ofis da hula zanna. An yi taron a ɗakin karatun makarantar, aka zaunar da manya a kan kujerun yara, gwiwa na neman taɓa haɓa. Khalil ya tsaya a baya da waya a ɗage. Yaran sun sha hular gashi ta auduga, wasu audugar ta fara zubowa a kafaɗa. Misis Olive, doguwar mace mai muryar da ba ta taɓa gajiya da murna ba, ta yi bayanin tsari: yaro zai yi jawabi, sannan baƙonsa ya miƙe ya faɗi abu ɗaya da ya burge shi.

Malam Zulkifilu ya gyara zama. Wannan ba a gaya masa ba.

Aka fara. Wata yarinya ta karanta nata da saurin mai gudun kare, uwarta ta miƙe hannu a ƙirji ta ce ba ta taɓa jin abu mai kyau haka ba a rayuwarta. Wani yaro ya manta rabin nasa ya tsaya yana sosa auduga, ubansa ya ce jarumi ne. Sai Dung, wanda aka ba matsayin sakataren baitulmali mai kare harajin, ya yi ta gunguni a cikin takarda har ya gama babu wanda ya ji ko kalma. Ubansa Mista Chuwang, mutumin Jos, wanda ya kamata a ce ya san daidai, shi ma ya miƙe ya ce yana alfahari da ɗansa har ba ya iya magana, sannan ya yi maganar ta minti biyar. Malam Zulkifilu ya duba silin. Ƙasar da kowane yaro gwani ne, ya ce a ransa, ba mamaki manyan suka zama yadda suke.

Aka kira Kausar. Ta fito da malfa a kan ɗankwalinta da wata tsohuwar rigar ubanta mai ratsi. Burodin sama ya fita lafiya. Dalili na farko ya fita lafiya, muryarta ta kai ƙarshen ɗaki. Da ta zo na biyu sai ta tsaya, ta dubi takardar, ta ajiye ta a kan tebur, ta juya wajen Dung.

"Ka ce in biya da tsabar kuɗi. Rabona da ganin tsabar kuɗi tun bara. Ka taɓa zuwa garinmu? Ba ka taɓa ba. Ka zauna a Philadelphia ka rubuta doka a kan mutanen da ba ka san fuskarsu ba. Zo ka ɗauki buhun hatsi ɗaya ka haura dutsen nan da shi, ka dawo. In ka dawo ina nan, sai mu yi maganar adalci."

Dung ya nutse a kujera. Ɗakin ya yi tsit, sannan tafi ya ɓarke, na gaske, ba irin wanda aka yi ta rabawa tun safe ba. Wannan ɓangaren ba ya cikin abin da suka shirya. Malam Zulkifilu bai ɗauke ido daga kanta ba.

"Kakan Kausar," in ji Misis Olive, tana yi masa "bismillah" da hannu. "Abu ɗaya da ya burge ka."

Ya miƙe, gwiwoyi suna ƙara. Idanu sun fi sittin a kansa. A inda ya fito, mutum ba ya tsayawa gaban jama'a ya yabi nasa. Yabon naka yabon kai ne, yabon kai kuwa jahilci. Ban da haka akwai baki: yarinya ta yi abu irin wannan, ka ƙara nuna ta da yatsa a gaban baƙi? Ko "Masha Allah" da ya ce ya zauna, da an wuce wurin. Amma Malam Zulkifilu bai taɓa samun taro ya bar shi ya tafi a banza ba. Kuma ga abokiyar wasansa a tsaye, ta gama kayar da sakataren baitulmali, bakinta da zafinsa. Bari mutanen nan su ga yadda ake yi.

Ya gyara murya, ya zubo Turancin nan nasa na rahoto, mai tsabta kamar an goge.

"Wannan tsohuwar da kuke gani, tun watan Oktoba take cinye mini biskit. Ban taɓa ganin malalaciya irinta ba, fensir ma sai an taya ta ɗauka. Rubutunta kuwa kaza ta fi ta. Da a ce ita ce lauyar manoman nan, da an rataye su gaba ɗaya."

Ya tsaya yana murmushi, yana jiran ramuwa.

Ba ta zo ba. Mista Chuwang ne kaɗai ya yi wata 'yar dariya ta hanci, don shi ya gane, sannan ya dubi fuskokin mutane ya haɗiye sauran. Wata mata ta rufe baki da hannu. Sai wani yaro daga baya ya ce "Tsohuwa!" da ƙarfi, yaran suka kwashe, wasu har da buga tebur. Kausar ba ta yi kuka ba. Ta dube shi, kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba, ta cire malfar, ta ɗauki takardarta ta koma ta zauna.

"Mun gode da ka faɗa mana yadda kake ji," in ji Misis Olive, murnar muryarta ta tafi hutu. "Saura wa?"

A wurin ajiye motoci Khalil ya buɗe wa yarinyar ƙofar baya ta shiga, ya rufe, ya zagayo inda ubansa yake. Kansa a ƙasa yake, amma muryar ba ta ƙasa ba ce.

"Baba, Allah ya huci zuciyarka, nan ba Bichi ba ne."

"Na lura. A Bichi yara sun iya karatu da ƙarfi."

"Ka kunyata ta a gaban ajinsu."

"Wasa ne, ta sani. Ai tana ramawa."

"Ba ta sani ba. Kusan duk Asabar in na ɗauko ta sai ta tambaye ni ko da gaske kana ganin ita malalaciya ce."

Malam Zulkifilu ya cire tabarau ya duba su ya mayar. "Kai kuma me kake ce mata?"

"Ina ce mata haka kake."

"Madalla. Ka yi shekara goma sha biyar a gidan kakarka tana kiranka mai kan gwanda, amma ka rasa bakin yi wa 'yarka bayani. Gada ta cinye lokacin."

"Laifina ne, na karɓa. Yanzu dai ga ta can. Don Allah ka je ka ce mata ta yi ƙoƙari. Kalma biyu, Baba."

Ya tafi. Tsakaninsa da motar ba nisa, amma ya ji tafiyar. Ya ƙwanƙwasa gilashi, ta sauke. Malfar tana kan cinyarta, ta tsinke mata zare ɗaya tana ja.

"Na'am, Kaka."

Maganar tana nan a shirye. Sai ga iyaye suna wucewa ta bayansa suna satar kallo, ga Mista Chuwang yana ɗago masa hannu, ga Khalil a tsaye yana jira kamar mai karɓar haraji. A ce an tasa shi gaba ya yi yabo, a bainar jama'a, bisa umarnin ɗansa na fari?

"Ki ɗaura bel," ya ce.

Ta ɗaura. Ta ɗaga gilashin.

Ranar Juma'a da yamma Khalil ya kira ya ce an sa ta a ajin ninƙaya ranar Asabar, daga can kuma ta wuce Islamiyya, ba sai an riƙa wahalar da shi ba.

"Gara haka," in ji Malam Zulkifilu. "Na huta."

Ya huta kuwa. Hutun ya yi masa yawa har ya koma yi wa masu labarai gyara, su kuma ba sa cewa komai.

Da Sallah ya je Mitchellville. Gida cike da baƙi, ana ta shinkafa da surutun siyasar gida. Kausar ta zo ta durƙusa har ƙasa, gwiwa biyu, ta gaishe shi da cikakkiyar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, barka da Sallah, irin wadda ake yi wa baƙon da ba a san sunansa ba. Mata suka yi ta yaba tarbiyya. Ya buɗe baki, sai wani likita ya dafa shi yana tambayar ra'ayinsa a kan tallafin man fetur. Kafin ya gama ba likitan abin da ya roƙa, ta haye sama.

Shekara ta zagayo Khalil ya samu aiki a Houston, suka kwashe. Saura waya. Ranar Sallah a ce "ga Kaka", ta karɓa, lafiya lau, karatu lafiya, na gode, sai ya ji muryar Sharifa ta dawo. Yakan shirya maganar tun kafin a kira. In ya jera ta da Turanci sai ta fito da kamannin abin da iyayen nan suka yi ta zubarwa a ɗakin karatu, wanda aka ba har yaron da ya manta rabin jawabinsa. In ya jera ta da Hausa sai ya ga ba a faɗin irin wannan ta waya, ana ihun yara a bayanta. Sai ya bari sai an haɗu. Da aka haɗu ba a kaɗaice ba. Da Khalil ya gaya masa ta shiga ƙungiyar muhawara a sakandare har ta ciyo kofi, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Surutu dai an gada."

A watan Fabrairun 2018 numfashi ya gagare shi aka kai shi asibiti. Khalil ya taso a ranar. Kausar tana da jarrabawa, aka ce ita da uwarta za su biyo jirgin washegari.

"In tsohuwar nan ta iso, ina da magana da ita," in ji Malam Zulkifilu.

"Faɗa mini, Baba, sai in kira ta yanzu in sa maka a kunne. Ko in isar mata."

"Ba saƙon ɗan aike ba ne, Injiniya. Ta zo."

Dusar ƙanƙara ta hana jirage sauka har kwana biyu. Ya cika kafin nasu ya taso, jana'iza kuma ba ta jiran jirgi. Aka kai shi kusa da Saudatu.

Maganar ba doguwa ba ce, ba ta da burodin sama balle na ƙasa: Kausar, ranar nan da kika ajiye takarda, kin burge ni.